Ya Kasu Kashi Uku: Tarihin Koyar da Rabe-rabe a Zaure, da Kasuwa, da Turancin Ilmi

Duk malamin da ya taɓa gyaran takardun ɗalibai a kwalejin horon malamai ya san irin jimlar nan da akan buɗe amsa da ita, watau a ce abu kaza ya kasu kashi uku, ko huɗu, sa'an nan a jero sunayen kason ɗaya bayan ɗaya. Yawanci Turancin jimlar ba shi da aibu. Abin da ke ɓacewa shi ne dalilin rabon: da me aka duba har aka sami uku, ba biyu ko bakwai ba? Malami ya ja jan alƙalami, ya rage maki, wani lokaci har ya ce yaranmu ba su iya tsara tunani ba. Wannan hukunci yana da nauyi, gama da shi ake kayar da ɗalibi, kuma ɗalibin nan shi ne zai zama malamin gobe. Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin al'amarin, a nuna cewa Bahaushe ya gaji hanyoyin rabe-rabe masu ƙarfi tun kafin zuwan boko, kuma abin da Turancin ilmi ke nema a gare shi ƙanƙane ne, sai dai an daɗe ba a faɗa masa ko mene ne ba. Za mu ɗauki misalanmu daga ƙasar Gumel, inda kasuwar Maigatari take, da Kwalejin Ilmi ta Gumel, da yankin ciniki marar haraji na bakin iyaka.

Bari mu fara da zaure, don shi ne ya riga. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun littattafai, cikin abubuwan farko da zai gamu da su akwai Ishmawi. Wannan ɗan littafi da rabo ya fara: abubuwan da ke warware alwala ya kasa su biyu, akwai waɗanda su kansu hadasi ne, akwai kuma waɗanda sababi ne na hadasi. Daga nan ya shiga ruwa. Ruwa ko dai ya gauraya da wani abu ko bai gauraya ba. Wanda ya gauraya, a duba ko launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa ya sake. In ya sake, a sake dubawa, da najasa ne ko da abu mai tsarki. In da mai tsarki ne, a kuma duba ko abin nan ruwa yana iya rabuwa da shi, kamar nono, ko ba ya iyawa, kamar ƙasar da yake kwance a kanta. Mai karatu ya lura, wannan rabo ne hawa-hawa, kowane hawa da ma'auninsa guda, kuma babu ruwan da zai faɗa gida biyu. Da wani ɗalibin jami'a zai rubuta irinsa da Turanci a kan ƙasar noma ko cututtukan shanu, da ba wanda zai rage masa maki ko ɗaya.

Haka abin yake a sauran fannoni. Ajurumiyya, wadda Ibn Ajurrum na birnin Fas ya wallafa, wanda ya rasu a 1323, ta raba kalmomin Larabci uku, suna da aikatau da harafi, ta kuma ba da alamomin da za a gane kowanne. Hukunce-hukuncen shari'a biyar ne, daga wajibi har zuwa haram, ma'auninsu kuwa lada da zunubi ne a kan aikatawa ko bari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Nurul Albabi, ya kasa mutanen ƙasar Hausa na zamaninsa gida uku bisa ga matsayinsu game da Musulunci, kuma kowa ya san rabon nan bai tsaya a takarda ba. Waɗanda suka yi nisa har suka karanta manɗiƙi, kamar Sullam na Ahalari, sun koyi kalmomin wannan sana'a da sunayensu: jinsi, watau babban gida, nau'i, ƙaramin gida a cikinsa, da fasali, watau siffar da ke raba wani nau'i da ɗan'uwansa. Duk ukun sun shigo Hausa. Jinsi da nau'i sun riƙe ma'anarsu, amma fasali ya koma yankin littafi, ko kyan tsari, har mukan ce abu ba shi da fasali. Kalmar da ta fi muhimmanci cikin ukun ita ce ta saki ma'anarta ta manɗiƙi a bakin jama'a, kuma a ganina wannan yana cikin abin da ya sa malamin boko ya rasa sunan da zai kira abin da yake nema a takardar ɗalibinsa.

Ƙasar Gumel ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, Barno ta bi, amma littattafan fiƙihun Malikiyya ɗaya ne gabas da yamma, saboda haka abin da muka faɗa ya shafe ta.

Hanya ta biyu ba ta da littafi. Ranar Alhamis ake cin kasuwar Maigatari, kuma kararta na cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa, ana koro dabba daga Damagaram da abin da ke bayanta. Dillali a kara ba ya cewa tumaki kawai. Zai ce balami, babban farin rago mai dogayen kunnuwa da gantsararren hanci. Ko uda, wanda gabansa baƙi ne ko ja, bayansa fari. Ko ɗan ƙasa, wanda bai kai su girma ba. A shanu zai raba bunaji farare da rahaji jajaye masu dogon ƙaho, da bokoloji masu gajeren ƙaho. Sa'an nan ya bar wannan ma'auni ya ɗauki wani, ya buɗe bakin dabba ya duba haƙora don ya san shekaru, ya ce maraƙi, ko karsana, ko bijimi. In Layya ta gabato kuwa sai wani rabo ya taso, na wanda ya isa yanka da wanda bai isa ba. Dillali ba ya rikita waɗannan ma'aunai, don kuskure a nan asarar kuɗi ce da ta mutunci. Amma ba ya faɗar ma'aunin da baki, domin mai saye ya sani, shi ma ya sani, ga kuma dabbar tsaye a gabansu.

Wannan shi ne babban bambancin magana da rubutu. Mai rubutu ba ya tare da mai karatunsa, kuma ragon ba ya nan.

Manomi ma haka. A ƙasar Gagarawa da Sule Tankarkar gero dabam, maiwa dabam, domin gero yakan nuna da wuri ya fid da mutane daga yunwar damina, maiwa kuwa sai ƙarshen ruwa. Masanin tsiro da ke bin tsarin da Linnaeus ya kafa a 1753 zai ce su biyun nau'i ɗaya ne, gama shi fure da ƙwaya yake dubawa. Likita J. M. Dalziel, wanda ya buga littafinsa na sunayen tsire-tsire da Hausa a 1916, ya sha gamuwa da irin wannan, inda sunan Hausa biyu ko uku ke faɗawa kan sunan Latin ɗaya, wani wuri kuma sunan Hausa ɗaya ya rufe tsiro da dama. Ba wanda ya yi kuskure tsakanin manomi da likita. Malamin fiƙihu kuma yana da nasa: a babin zakka na Risala, gero jinsi ne, dawa jinsi ce, shinkafa jinsi ce, ba a haɗa ɗaya da ɗaya don cika nisabi, alhali tumaki da awaki ana haɗa su a ƙirga su tare, in sun kai 40 a fid da guda.

To, yaya boko ya tarad da wannan gado? Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, aikinta kuwa horon malamai ne. Ta yi suna ƙwarai wajen Turancin baki, kyan lafazi da daidaita jimla, kuma duk wanda ya ji muryar Abubakar Tafawa Balewa ya san ba a yi sunan a banza ba. Amma ba za a zargi malaman Katsina da cewa sun ƙi koyar da yadda ake rabe-rabe a rubutun ilmi ba, domin a wancan zamani ko a Ingila ba a ware wannan ya zama darasi mai zaman kansa ba. Ɗauka ake yi yaro zai tsince shi cikin karatun labarin ƙasa da na halitta, kamar yadda ya tsinci harshen uwarsa. Yaron da ya tashi cikin littattafan Turanci yakan tsinta. Wanda ya fara Turanci a Midil kuwa, abin da ya fi sauƙin tsinta shi ne ƙirar jimlar da yawan kason, ya haddace su kamar yadda ya saba haddace karatun allo.

A ɓangaren Hausa an yi wani aiki wanda ba a cika yaba masa ta wannan fuska ba. Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, su ne suka fara tilasta wa Hausar boko ta ɗauki nauyin bayanin kimiyya. Littafin Ikon Allah na East da Abubakar Imam, wanda ya fito a 1949, ya bi halittu iri iri yana bayaninsu da Hausar da ɗan elementare zai gane. Masu irin wannan aiki ba su ƙago kalmomin rabo ba, sun tarad da su: iri, dangi, kashi, jinsi, rukuni. Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta fi mai da hankali ga ƙa'idojin rubutu da sababbin kalmomi. Ta haka Hausar makaranta ta gaji jimlar zaure, ya kasu kashi kaza, aka kuwa ɗora ta bisa jimlar Turanci kamar su ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne, kuma a nan ya kamata mu ɗan dakata. F. W. Parsons, cikin maƙalarsa ta 1960, ya raba aikatau na Hausa aji bakwai, ya kuwa faɗi ma'auninsa a fili, watau wasalin ƙarshe da karin sauti. Kasu da rabu suna cikin aji na bakwai, ajin da ke nuna abu ya auku ga mai shi, ba tare da an ambaci wanda ya aikata ba. In an ce ruwa ya kasu kashi biyu, kamar an ce haka Allah ya yi shi, ba hannun kowa. Wannan ya dace da fiƙihu, inda rabon hukunci ne tabbatacce. Marubucin kimiyya da Turanci kuwa ya fi son ya ce "may be classified", watau ana iya rabawa, ya kuma biyo da "according to", watau bisa ga abu kaza. Ma'anar wannan ita ce akwai mai rabo, yana da bukata, kuma wani mai wata bukata zai iya rabawa dabam. Hausa ba ta rasa hanyar faɗin haka ba: ana iya raba shanu gida uku ta fuskar launi da ƙaho, in kuwa aka duba shekaru, sai rabon ya sake. Sai dai ɗalibi da ya zauna rubutu, jimlar da ta fi kusa da hannunsa ita ce ta ya kasu, sai ya juya ta zuwa "is divided into", ya sa aya. Jimlar ta cika a kunnensa, don a Hausa ba ta bukatar ƙari.

Akwai tarko na biyu. Kalmar kashi tana aiki biyu: mukan ce an raba gado kashi uku, mukan kuma ce dabbobin gida sun kasu kashi uku. Na farko yanka abu guda ne gunduwa-gunduwa, na biyu kuwa jera ire-iren abu ne. Ƙafa da kai da wutsiya ɓangarorin rago ne, ba ire-irensa ba. Balami da uda ire-irensa ne, kuma kowannensu cikakken rago ne. Turanci yana da jimlolin da ya keɓe wa kowane aiki, "consists of" ga ɓangarori, "types of" ga ire-ire, ɗalibanmu kuwa sukan musanya su. Malamin zaure bai taɓa rikita farillan alwala, waɗanda gaɓoɓinta ne, da ire-iren ruwa ba. Ashe maganin yana gida: a tambayi ɗalibi da Hausa, wannan da ka ambata ɓangare ne ko iri ne?

A ƙasashen Turawa ba a fara duban waɗannan jimloli da idon bincike ba sai bayan 1960, sa'ad da ɗaliban Asiya da Afirka da Amurka ta Kudu suka yawaita cikin karatun kimiyya da Turanci. C. L. Barber ya ƙirga siffofin jimlar kimiyya a wata maƙala ta 1962. A. J. Herbert ya fito da littafin koyar da Turancin injiniyoyi a 1965, Ewer da Latorre suka yi nasu a ƙasar Chile a 1969, John Swales kuma ya buga nasa a 1971 daga abin da ya koyar a Libiya. Waɗannan na farko sun fi kula da nahawu. Daga 1974 ne Allen da Widdowson suka juya al'amarin, suka ce a koya wa ɗalibi ayyukan da masani ke yi da harshe, kamar bayyana ma'ana, da siffantawa, da rabe-rabe, sa'an nan jimlolin su biyo baya. R. R. Jordan ya ba rabe-rabe babi guda cikin littafinsa na 1980, wanda ya yawata jami'o'i da yawa. Louis Trimble kuma, a 1985, ya ce cikakken rabo yana da abu uku: babban gida, da 'ya'yansa, da ma'aunin da aka raba su da shi, wanda ya rasa na ukun ragagge ne. Duk wanda ya karanta Sullam zai yi murmushi a nan, gama jinsi da nau'i da fasali ne suka komo cikin rigar Turawa. Ba abin mamaki ba ne, tun da manɗiƙin Larabawa da na Turawa duk daga Aristotle na Yunan suka sha.

A Nijeriya wannan sabon tunani ya shigo ta ƙofa biyu. Rahoton D. W. Grieve na 1964 ya sa hukumar jarrabawar Afirka ta Yamma ta sake yadda take gwada Turanci, jami'o'i kuma suka kafa darasin Turanci na dole ga 'yan shekarar farko. Amma shirin ilmin firamare ga kowa na 1976 ya cika makarantu da yara fiye da yadda malamai za su iya ɗauka, aka yi ta buɗe kwalejojin horo da gaggawa. A aji mai ɗalibi ɗari, abin da ya fi sauƙin koyarwa da gwadawa shi ne jerin jimloli a allo, a haddace, a cike gurbi. Ta haka aka karɓi rigar aka bar mai ita. Misalan littattafan kuma, na ƙarafa da duwatsu da tsarin makarantun Ingila, abubuwa ne da ɗalibin Gumel bai san su ba sai a takarda, saboda haka ba shi da ikon ya ce da marubuci, ai da ka duba ta wata fuska da ka raba dabam. Mutum ba ya gane ma'auni sai a kan abin da ya sani har zai iya gardama a kansa.

Abin sha'awa, a sassan nazarin Hausa ne aka fi yin wannan gardama. M. K. M. Galadanci ya raba kalmomin Hausa cikin nahawunsa na 1976 bisa ga matsayinsu a jimla, bai ara rabon Larabci ko na Turanci yadda yake ba. Abdulƙadir Ɗangambo ya sa wa littafinsa na 1984 suna Rabe-raben Adabin Hausa, kuma ɗalibai sun daɗe suna muhawara a kan ko adabi za a raba shi na baka da rubutacce, ko na gargajiya da na zamani, alhali ma'aunai biyu ne, ɗaya hanyar isarwa, ɗaya lokaci. Waƙar ajami ta ƙarni na 19 rubutacciya ce, amma wa zai kira ta ta zamani ba tare da ya yi bayani ba? Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990 ya ba malamai kayan aikin yin wannan bayani. Sai dai ɗakin Hausa da ɗakin Turanci a kwaleji ɗaya suke, ɗalibi ɗaya ke shiga duka biyu, amma da wuya malaman su zauna su gwada abin da suke koyarwa.

Saura hanya ɗaya, wadda ita ce ƙaramarsu a shekaru, ita ce kuwa ta fi tsanani. An kafa jihar Jigawa a 1991, kuma a zamanin Gwamna Saminu Turaki aka buɗe yankin ciniki marar haraji a Maigatari. Duk kayan da za su ƙetare iyaka bisa ƙa'ida, da lamba ake shigar da su takardar kwastan, bisa tsarin bai ɗaya na duniya da ya fara aiki a 1988. A wannan tsari shanu suna ƙarƙashin 0102, tumaki da awaki 0104, dawa 1007, gero 1008, gyaɗa 1202, riɗi 1207, ƙaro kuma 1301. Babu bunaji, babu rahaji. Abin da takardar ta fara tambaya game da saniya shi ne ko tsantsar iri ce ta kiwon haihuwa ko kuwa a'a. Tumaki da awaki sun sake haɗuwa a gida ɗaya kamar yadda suka haɗu a babin zakka, ko da yake dalilin dabam ne. Raƙumi, duk da girmansa a kasuwar Maigatari, ba shi da babban gida nasa, yana cikin 0106 tare da sauran dabbobi masu rai.

Wannan gida na saura ya cancanci malamai su lura da shi. Ɗalibi yakan rufe jerinsa da cewa da sauransu, ma'ana akwai ƙari amma ya gaji, ko bai sani ba. Ƙofa a buɗe take. Gidan saura na kwastan kuwa rufe ƙofa yake yi: duk abin da bai shiga gidajen da aka ambata ba, nan ne wurinsa, don kada wani kaya ya rasa lamba. Da haka rabo ke game kome. Kuma lamba tana da farashi, domin harajin shigo da kaya na bai ɗaya da ƙasashen ECOWAS suka fara aiki da shi a 2015 hawa biyar ne, daga babu kome, zuwa kashi 5, da 10, da 20, har 35 cikin ɗari. Akawun da ya sa kaya a gidan da ba nasu ba ya jawo wa maigidansa tara ko riƙe kaya a bakin iyaka. Sa'ad da aka rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamba 2020. Nijar kuma ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025, amma lambobin nan na duniya ne, ba su sake ba. Samarin da za su cika waɗannan takardu da Turanci daga makarantun Gumel da Maigatari za su fito, a hannun malaman da kwaleji ta horar.

Saboda haka shawarar da zan ba malaman horo ita ce a juya tsarin darasin. Kada a fara da jimlolin Turanci a allo. A sa ɗalibai su raba dabbobin kara da Hausa, wani rukuni a matsayin dillali, wani a matsayin mai karɓar zakka, wani a matsayin ma'aikacin kwastan, kowane rukuni kuma a hana shi zama sai ya faɗi abin da ya duba. In sun ga rago guda ya shiga gida uku dabam dabam ba tare da kowa ya yi ƙarya ba, sa'an nan a ba su "according to" da 'yan'uwanta, a kuma nuna musu inda suke zama a jimla. A wajen gyaran takardu kuma a ware maki na ma'auni dabam da na nahawu, a rubuta haka a kan takardar tambaya, domin ɗalibi ya san tun kafin ya ɗauki alƙalami cewa za a neme shi.